Ranar da Taubashina Ya Ce Mini Alhaji

Likitan da ya auna ni bai girmi babban ɗana ba, amma faɗan da ya yi mini sai ka ce shi ya yanke mini cibiya. Ya kwance abin awon daga damtsena, ya ce jinina ya hau hawan da ba a wasa da shi, ya rubuta magani. Har na miƙe sai ya tsayar da ni.

"Alhaji, in ka ruhe shago, mi kaka yi na hutawa?"

Na ce barci nake yi.

"Ban da kwana," in ji shi.

Na tsaya ina kallon bango. Na ba hamsin baya, ina da iyali, ina da shago a bakin kwalta a Dogon Dutsi, amma wannan 'yar tambayar ta gagare ni. Na fito ina jin haushin yaron, na ce a raina su dai 'yan boko ba su da aiki sai koya wa mutane lalaci.

Kayan gini nake sayarwa: siminti, kwanon rufi, rodi, ƙusa. Daga sallar asuba nake buɗewa, ba na rufewa sai an yi isha'i. Kuma ba zan ɓoye ba, ina alfahari da hakan. Samarin 'yan kasuwa da muke sahu ɗaya a masallacin unguwa, masu tsare sunna da tsare lokaci, da ni suke ba da misali. In an zauna bayan magariba ana maganar masu ɓata rayuwa, bakina ya fi na kowa kaifi. Ni ne na taɓa cewa dattawan da ke wuni a gindin itace suna dara matattu ne da aka manta ba a binne ba. Aka yi dariya, maganar ta zaga kasuwa, har na riƙa jin ta a bakin waɗanda ba su san ni na fara faɗinta ba. Daɗi na ji.

A gida kuwa labarin daban ne. Ƙeyata kullum kamar an ɗora mata buhun siminti. Abu kaɗan sai tsawa. Mai ɗakina ta taɓa gaya mini, cikin lallashi, cewa yara sun haddace kukan babur ɗina, da sun ji shi daga bakin lungu sai kowa ya nemi abin da zai riƙe a hannu don kada a same shi a zaune.

Ba da daɗewa ba bayan ganin likita aka yi suna a gidan gwaggona a Kore Mairuwa, dole na je. A nan taubashina yake, ɗan gwaggon nan tawa, wanda muka tashi tare kafin a kawo ni gari. Manomi ne, siriri kamar karan gero, haƙoransa na gaba sun tafi sun bar shi. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa da mutunci ba, don haka al'ada ta ba mu. Shi ya ce ni bawansa ne, ni na ce shi bawana ne, kuma har yau ba a yanke wannan shari'a ba. Duk abin da ya gaya mini ba ni da ikon yin fushi, duk abin da na gaya masa haka. Ina sauka daga babur ya ɗaga murya a gaban jama'a.

"Ga bawana ya zaka. Ku shimhiɗa tabarmi biyu, guda tashi, guda ta tumbinai."

Na ce masa ya rufe baki kada iska ta ɗauke sauran haƙoran. Na daɗe ban ji dariya ta fito mini daga ciki kamar ta ranar ba.

Da aka ci abinci ya ja hannuna zuwa bayan gida. Akwai wani babban gawo a can kusa da rumbuna, rani ne, ya yi ganye shar, awaki na zagaye suna jiran 'ya'yansa su faɗo. Dattawa huɗu ko biyar na zaune a rairayi, a tsakiyarsu an haƙa ƙananan ramuka jeri biyar, kowane jeri shida. Dara ce. Ɗaya na wasa da tsinkayen kara, ɗaya da tsakuwa. Kowa zai zuba nasa goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya, sannan a shiga turawa gida gida, wanda ya jera uku ya cire ɗaya daga na abokin wasansa. Na san ta sarai. Da ita muka girma, ni da wannan marar haƙoran.

Na ce ni kallo kawai zan yi, kuma a tsaye. Sai wani tsoho ya ɗauki tsakuwarsa zai kai ta inda za a cinye shi, bakina ya suɓuce na ce kada ya yi. Taubashina ya ɗago kai.

"To malam mai wa'azi, zamna ka gwada muna."

Na tattare riga na zauna. Abin da na sani bayan nan shi ne kiran la'asar. Na ɗaga kai ina mamakin inda rana ta tafi, na shafa ƙeyata na ji babu buhun nan. An cinye ni, an yi mini dariya, an ce hannuna ya saba da ƙirga ƙusa ya manta da tunani. A hanyar komawa gida na kama kaina ina 'yar waƙa a kan babur, na yi sauri na yi shiru kamar wani zai ji.

Lahadin da ta biyo na bar wa ɗana shago, na ce za ni duba gona. Ta bayanta ma haka. Gona a tsakiyar rani, ba komai cikinta sai kututturan gero da kashin shanu, amma ba wanda ya tambaye ni, don ba a saba jin ƙarya a bakina ba. Mai ɗakina ce kaɗai ta gane. Wata rana tana wanki ta zaro tsinken kara daga aljihuna, ta karkaɗe rairayi daga gwiwar wandona, ta dube ni tana danne dariya.

"Gonag ga taka tana son mutum shi durƙusa mata ƙwarai."

Na yi kamar ban ji ba. Ita ma ba ta ƙara ba, sai dai daga ranar duk Lahadi takan sa mini goro a aljihu, ta ce na masu gadin gona ne.

Ban san yadda zan bayyana abin da nake samu a gindin gawon nan ba tare da ya zama kamar ƙaramin abu ba, don ƙaramin abu ne. In na isa nakan kashe waya in jefa ta cikin hula. Ba mai tambayata kuɗin siminti. Ba mai kawo mini ƙarar magini. Akan kawo fura a ƙwarya ɗaya, ludayi ɗaya, ya zaga. Rairayin na da sanyi a ƙarƙashin tafin ƙafa. Taubashina kuwa bakinsa ba ya hutawa: in na daɗe ina tunani ya ce a kawo mini matashi, in na yi sauri ya ce kwastan ne suka biyo ni. Da an kira salla kowa zai tashi, a bar darar yadda take, a dawo a same ta. A wurin na koyi dokar da suke riƙe da ita, ko in ce na tuna da ita. Darar da ba a gama ba, ba a taɓa ta. Ko akuya ce ta nufo ta sai an kore ta. In an gama, wanda ya ci shi ke sharewa, kuma da tafin hannu yake yi. Ba a sa mata ƙafa, don hannuwan mutane ne suka wuni a ciki.

Barcina ya gyaru. Yara suka daina neman tsintsiya in sun ji babur. Da na koma wurin likita ya auna ya ce ko me nake yi in ci gaba. Ban gaya masa ko mene ne ba. Kunya nake ji, kunya mai tsanani, irin ta wanda yake cin abin da ya hana wasu. A masallaci in an taɓo maganar ɓata lokaci sai in sunkuyar da kai ina gyara zaman hula.

Ranar da abin ya faru, wasan ya yi daɗi fiye da kullum. Taubashina ya daɗe yana gina abin da ake kira doki, wato ka tsara 'ya'yanka yadda duk turawa ɗaya, gaba ko baya, sai ta jera maka uku. Wanda aka kafa wa doki ya gama yawo. Saura masa turawa ɗaya, ya ɗaga tsinken sama yana juya shi a gaban hancina, yana tambayar dattawa ko akwai mai sirdi ya ara masa. Sai na ji ƙarar mota a hanyar da ta bi ta bayan rumbuna.

Tun kafin ta tsaya na gane ta. Motar maƙwabcina ce a kasuwa, wani saurayi mai sayar da fenti, mai gemu da natsuwa, wanda yake zuwa neman shawara wurina. Za su ta'aziyya wani ƙauye ne suka ɓata hanya. Su biyar ne a ciki, duk 'yan sahunmu. A kujerar baya na hango hular ɗana, ashe ya rufe shago ya biyo su.

Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na miƙe zumbur, na ja takalmina a kan ramukan, tsinkaye da tsakuwa suka watse. Sannan na ɗaga murya yadda za ta kai mota.

"Ku ji tsoron Allah, dattawa da ku. Wanga aiki na da hurhura?"

Wani tsoho ya kawar da kai yana kallon awaki. Taubashina na nan zaune, tsinken na hannunsa a sama inda ya ɗaga shi. Ya dubi takalmina, bai dubi fuskata ba. A hankali ya sauke hannun ya ajiye tsinken a ƙasa.

Samarin suka fito suka gaishe ni da ladabi, suka gaida dattawa. Na nuna musu hanya, har na ce bari in raka su tunda na gama abin da ya kawo ni. Na hau babur na shige gaba. A wurin ta'aziyyar aka ba ni wuri mai kyau, aka ce in yi addu'a. Na yi, ina ganin rairayi a bakin takalmina.

Lahadin da ta zo ban je ba. Ta gaba na sayi goro da sukari na kama hanya, ina ta shirya yadda za ta kasance. Na san taubashina. Zai tara mini jama'a, ya kwaikwayi yadda na miƙe, ya kwaikwayi muryata, ya sa mini sunan da zai bi ni har kabari. Na shirya wa wannan, har ina ɗokinsa, don na san in ya gama wanke ni shi ke nan an wuce wurin.

Na yi sallama a ƙofar gida. Ya fito, da ya gan ni sai ya tuɓe takalmansa, ya ɗan rusuna, ya miƙo hannu biyu.

"Marhaba da Alhaji. An zo lahiya? Ina gajiya? Yaya iyali, yaya kasuwa?"

Na yi dariya, na ce bawana yau kuma wane salo ne wannan.

"Na'am, Alhaji," ya ce.

Ya kai ni zaure, ya shimfiɗa mini sabuwar tabarma, shi ya zauna a ƙasa daga gefe. Aka kawo fura a kwano mai murfi, da ludayi sabo, ni kaɗai. Ya karɓi goron ya yi godiya, ya sa mini albarka kamar yadda ake yi wa baƙon da ya zo daga nesa. Na tsokane shi da haƙoransa, ya yi murmushi ya ce haka ne, tsufa ya zo. Na ce ko za mu leƙa bayan gida. Ya ce ai rana ta yi zafi, bai kamata babban mutum ya zauna a ƙasa ba. Daga inda nake ina jiyo dariyar dattawa a gindin gawo.

Mutane da yawa sun zage ni a rayuwa, magina da direbobi da waɗanda muka yi ciniki ya ɓaci, ba wanda zaginsa ya hana ni cin tuwo. Amma wannan ladabin na kasa haɗiye shi. Na shiga cikin gida gaida gwaggo, wadda idonta ya yi rauni amma kunnenta ras. Ta riƙe hannuna ba ta saki ba.

"Mi kay yi ma ɗan'uwanka har shika ganin girmanka?"

Na ce ba komai, gwaggo. Ta ce to, ta sake ni. Shi kuma ya raka ni har wurin babur, ya riƙe mini shi na hau, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Na sake komawa, na sake samun sabuwar tabarma. Daga nan na daina zuwa. Buhun ya dawo ƙeyata, ya zo da ƙaninsa.

Wata safiya maƙwabcina mai fenti ya shigo aron ma'auni. Ya tsaya yana jujjuya shi a hannu, sannan ya ce, cikin jin nauyi, yana da tambaya.

"Alhaji, ran nan a Kore Mairuwa, tsohon nan saura kaɗan shi kahwa maka doki, ko? Tun daga mota nig gani. Babana ma haka shika yi muna. Ni da ka bari munka ga ƙarshenta."

Ashe sun gani. Sun ga gwiwoyina a ƙasa, sun ga tsakuwa a hannuna, sun ga na tashi na taka, sun ji wa'azin da na yi, suka yi shiru don su rufa mini asiri. Watakila a cikinsu akwai wanda bai so ganina ina dara ba, wannan ra'ayinsa ne kuma yana da hujjarsa. Amma abin da suka kalla ranar ya fi dara muni, kuma ɗana na cikin masu kallo. Na wulaƙanta ɗan gwaggona don in tsare mutuncin da a daidai lokacin nake zubar da shi. Na shiga bayan buhunan siminti na zauna, na daɗe ban fito ba.

Lokaci kuma ba ya jirana. Gawo ya fara zubar da ganye, gabas ta fara haɗa gira da yamma. Da ruwan shuka ya sauka ba sauran dara sai bayan kaka, kuma na san in damina ta wuce muna Alhaji da na'am, to haka za mu tsufa. Na kuma san ba zai rasa zuwa kasuwar Dogon Dutsi kafin shuka ba, don gyaran hauya wurin maƙera, kuma hanyar maƙera ta gaban shagona ta bi.

Ranar kasuwa da hantsi, lokacin da bakin kwalta ya fi cika, na ɗebo yashi daga tulin da ke gefen shago na zuba a ƙarƙashin rumfa, na baje shi. Na tattare babbar riga na durƙusa, na fara haƙa ramuka da yatsa. 'Yan kabu-kabu da ke jiran fasinja suka juyo. Mai shayi ya bar tukunyarsa. Wani ya ce ko Alhaji ya yar da wani abu ne, wani ya amsa masa da maganar nan tawa ta matattun da ba a binne ba, aka yi dariya ƙasa ƙasa. Ɗana ya fito daga shago ya tsaya a kaina.

"Baba, pardon, mutane na kallo."

Na ce na sani. Na ce ya ƙirgo mini ƙusa goma sha biyu da tsakuwa goma sha biyu. Ya je ya kawo. Zufa ta jiƙa mini riga, ba ta zafin rana ba. Masu sayayya suka zo suka tafi, ɗana na sallamarsu, ni ina zaune a ƙasa gaban ramuka kamar mai jiran sadaka. Da a ce ƙasa za ta buɗe a lokacin, da na gode mata.

Can sai ga shi, hauya a kafaɗa. Ya hango taron, ya matso, ya gan ni. Ya sauke hauyar ya fara tuɓe takalmi.

"Sannu da hutawa, Alhaji."

Na ɗauki ƙusa ɗaya na kafa a rami, na tura masa tsakuwar gabansa.

Ya daɗe yana kallon yashin. Sannan ya mayar da ƙafarsa cikin takalmin, ya ɗaga ta, ya ja a kan ramukan tun daga wannan gefe har wancan, a hankali, ba gaggawa. Ƙusata ta faɗi ta kwanta. Na ji abin da ya ji ranar, a gaban mutanen da nake jin kunya, kuma na san ba ni da bakin magana. Na sunkuyar da kai na ce a raina shi ke nan, ya biya ni, ya tafi.

Sai na ji gwiwoyinsa sun yi ƙara. Ya tsuguna, ya baje yashin da tafin hannu, ya shiga haƙa sababbi, jeri a miƙe kamar an ja igiya.

"Dibi ramun da ƙato yag gina," ya ce, ba da ni yake ba, da 'yan kabu-kabu yake. "Shina saida ma mutane ma'auni, shi ko layi guda ya gagare shi. Jakina ya hi shi hannu. Matsa can, bawana, tumbinka ya tare min haske."

Na matsa. Idona ya cika, na ce yashi ne ya shiga, ya ce ƙarya nake, tsoro ne. Maƙwabcina mai fenti ya jawo benci. Ɗana bai zauna ba, amma bai koma ciki ba.

Har yau in ina wasa wani ɗan sahunmu ya wuce, sai na ji wuyana ya yi nauyi, ban warke daga wannan ba. Ranar dai kafin a kira azahar ya kafa mini dokin da na hana shi, ya cinye ƙusoshina ɗaya bayan ɗaya yana tambayar ɗana ko haka ubansa yake a gida. Da ya gama ya share darar da tafin hannunsa, ya goge a rigata.